Ragar Longhua da Ribar Apple: Wa Ya Biya Kuɗin Gyara?

Ranar Laraba, 26 ga Mayun 2010, abubuwa biyu suka faru a sassa biyu na duniya. A kasuwar hannun jari ta Amurka, darajar kamfanin Apple ta zarce ta Microsoft, ya zama kamfanin fasaha mafi tsada a duniya. A birnin Shenzhen da ke kudancin ƙasar Sin kuwa, Terry Gou, mai kamfanin Foxconn, ya ja ayarin 'yan jarida yana zagayawa da su cikin masana'antarsa ta Longhua, yana nuna musu wurin ninƙaya da sauran abubuwan more rayuwa da aka tanadar wa ma'aikata. Ya kuma sunkuya gaban kyamara ya nemi gafara, saboda matasan da ke yi masa aiki suna ta faɗowa daga saman benaye suna halaka kansu. Kafin gari ya waye, wani ya sake faɗowa. A waccan masana'antar ake haɗa kayan Apple.

Masu koyar da harkar kasuwanci suna son wata magana mai daɗin ji: wai kamfanin da ya sauke haƙƙin al'umma da ke wuyansa, ya kyautata wa ma'aikata, ya kiyaye muhalli, zai ga sakamakon a aljihunsa, wanda ya yi sakaci kuma masu saye za su juya masa baya. Da haka ake lallashin masu hannun jari su yarda a kashe kuɗi a kan abin da ba ciniki ba. A ɗaya gefen akwai tsohuwar maganar masanin tattalin arziki Milton Friedman ta 1970, cewa haƙƙin da ke kan kamfani shi ne ya ƙara riba muddin bai karya doka ba. Lamarin Apple da Foxconn wuri ne mai kyau na auna maganganun biyu, domin komai a fili yake: an san abin da ya faru a masana'antu, an san abin da kamfanin ya yi daga baya, kuma dokar Amurka ta tilasta masa bayyana cinikinsa duk bayan wata uku.

Yadda aka raba aikin

Apple ba ya da masana'antar haɗa iPhone ko ɗaya. A California ake zana wayar, a rubuta manhajarta, a tsara tallanta. Haɗa ta kuma aikin kwangila ne da ake bai wa wasu kamfanoni, babbansu Foxconn na Taiwan, wanda sunansa na rajista Hon Hai, kuma Gou ya kafa shi a 1974. Tim Cook, wanda ya shiga Apple a 1998, shi ya ɗora kamfanin a kan wannan turba: a rufe masana'antu da rumbunan ajiya na gida, a bar wa 'yan kwangila ɗawainiyar gine-gine da ɗaukar ma'aikata.

Longhua gari ne a cikin gari. A 2010 ma'aikatanta sun kai kimanin 300,000, galibinsu samari da 'yan mata da suka baro ƙauyuka, suna kwana a ɗakunan kamfani, suna ci a wurin cin abincin kamfani. Albashin tushe yuwan 900 ne a wata, kusan dala 130, wato daidai mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka a yankin. Da wannan ba a tara komai, balle a aika gida. Abin da ke sa albashi ya zama albashi shi ne aikin ƙarin lokaci. A riƙe wannan, domin shi ne ƙullin da ya ƙi kwancewa har ƙarshen labarin.

Wasu malaman jami'o'in Amurka uku, Kenneth Kraemer da Greg Linden da Jason Dedrick, sun fitar da nazari a 2011 kan yadda ake raba kuɗin iPhone guda. Lissafinsu ya nuna kashi 58.5 cikin ɗari na farashin yana komawa Apple a matsayin riba, ladan ma'aikatan Sin da suka haɗa ta kuwa kashi 1.8 ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shi ma Foxconn ba wani kaso mai tsoka yake samu ba. Ribar da yake ci a cikin kowace dala 100 ta ciniki ba ta kai dala 5 ba, alhali ta Apple a shekarar kuɗi ta 2012 ta haura dala 26. Foxconn da yawan kaya yake rayuwa, da sauri, da matse kowane sisi. To, wanda aka matse daga sama, wa zai matsa in ba na ƙasa da shi ba?

Gargaɗin da ya riga hari

Ba a 2010 aka fara ba. Tun 2006 jaridar Mail on Sunday ta Birtaniya ta buga rahoto kan doguwar ranar aiki da ƙarancin albashi a masana'antun da ke haɗa iPod. Apple ya tura masu bincike, suka tabbatar ana wuce iyakar awa 60 a mako da kamfanin ya gindaya a ƙa'idojinsa na 'yan kwangila. Daga 2007 ya fara fitar da rahoton shekara-shekara kan halin da masana'antun ke ciki. Rahoto dai ana fitarwa, amma ba a faɗar sunan masana'antar da aka kama da laifi, don haka ba mai iya bin sawu.

A 2010 ma'aikatan Foxconn 18 suka yi yunƙurin kashe kansu, 14 suka mutu. Shekarunsu tsakanin 17 da 25. Kamfanin ya kafa raga kewaye da benayen kwana don tare masu faɗowa, ya kawo masu ba da shawara, ya buɗe layin wayar kai kuka. Hoton ragar nan shi ya zagaya duniya, kuma har yau shi ne abin da mutane ke tunawa. A watan Yuni aka ɗaga albashin tushe zuwa yuwan 1,200, aka kuma yi alkawarin yuwan 2,000 daga Oktoba ga ma'aikatan Shenzhen da suka ci gwajin ƙwazo.

Steve Jobs, shugaban Apple a lokacin, da aka tambaye shi a wani taro a California a farkon Yuni, cewa ya yi Foxconn ba gidan bauta ba ne, akwai wuraren cin abinci da silima da asibiti da wurin ninƙaya. An kuma yi ta kafa hujja da cewa in aka auna yawan waɗanda suka mutu da yawan ma'aikata, adadin bai kai matsakaicin ƙasar ba. Lissafin ba ƙarya ba ne a kan takarda. Sai dai an gwada matasa masu lafiya da aikin yi da al'ummar ƙasa baki ɗaya, har da tsofaffi da marasa lafiya na karkara. Kuma ko da lissafin ya tsaya da ƙafarsa, ba amsar da ake bai wa uwar da aka kawo mata gawa ba ce. Apple ya tura Cook zuwa Shenzhen a watan nan tare da ƙwararru kan hana kisan kai. A ranar 24 ga watan aka fara sayar da iPhone 4, kuma cikin kwana uku aka sayar da miliyan 1.7.

Ba a gama da wannan ba sai ga wasu. Rahoton Apple na 2011 ya amsa cewa ma'aikata 137 a masana'antar Wintek, wani kamfanin da ke kawo masa kaya, da ke Suzhou sun kamu da ciwo saboda wani sinadari mai suna n-hexane, wanda aka sa su goge gilashin waya da shi don ya fi barasar goge-goge saurin bushewa. Sakan kaɗan ake ragewa a kan kowace waya, sinadarin kuma yana lalata jijiyoyi. A watan Mayun 2011 ƙurar alminiyam ta yi bindiga a sashen goge bayan iPad na masana'antar Foxconn da ke Chengdu, mutum 4 suka mutu, 18 suka ji rauni. Makonni kaɗan kafin haka, wata ƙungiyar kare ma'aikata ta Hong Kong mai suna SACOM ta yi gargaɗi kan ƙurar. Bayan wata bakwai irin wannan fashewa ta sake aukuwa a wata masana'anta a Shanghai da ke ƙarƙashin Pegatron, wani ɗan kwangilar Apple, mutane da dama suka jikkata. Sanadi ɗaya, kaya ɗaya, mai ba da kwangila ɗaya.

Watan Janairun 2012

A nan ne lamarin ya fi armashi ga mai nazari, domin a cikin mako biyu aka ga komai tare.

Jobs ya rasu a Oktoban 2011, Cook ya riga ya karɓi ragama tun Agusta. Ranar 13 ga Janairun 2012 Apple ya yi abin da ya daɗe yana ƙi: ya bayyana sunayen kamfanoni 156 da ke kawo masa kaya, ya kuma shiga ƙungiyar Fair Labor Association, wadda ke duba yanayin aiki a masana'antu, ya zama kamfanin fasaha na farko a cikinta. Rahotonsa na wannan shekara ya ce an yi bincike 229 a 2011, kuma a masana'antu 93 an samu fiye da rabin ma'aikata sun wuce awa 60 a mako aƙalla sau ɗaya cikin makonnin da aka duba. Shekara biyar ke nan ana rubuta matsala ɗaya.

Ranar 24 ga Janairu kamfanin ya sanar da cinikin wata ukun ƙarshen 2011: dala biliyan 46.3, riba dala biliyan 13, iPhone miliyan 37. Kashegari jaridar New York Times ta fito da dogon rahoton Charles Duhigg da David Barboza kan rayukan da ake asara wajen haɗa iPad, wanda ya fara da fashewar Chengdu. Cook ya rubuta wa ma'aikatansa wasiƙa cikin fushi, yana cewa duk wanda ya ce ba su damu ba ƙarya yake yi, kuma cin fuska ne gare su. A watan Fabrairu masu fafutuka suka kai takardun koke masu sa hannun mutum kusan 250,000 shagunan Apple a birane da dama.

Akwai wani ɗan abin takaici da ya ratso a tsakiya. Wani mai wasan dandamali, Mike Daisey, ya ba da labarin ziyararsa Shenzhen a wani shahararren shirin rediyon Amurka, labarin ya girgiza mutane ƙwarai. A watan Maris shirin ya janye shi, domin an gano ya ƙara gishiri, ya faɗi abubuwan da bai gani da idonsa ba. Wannan kyauta ce ga duk mai son a rufe maganar. Ƙarya ɗaya ta shafa wa gaskiya goma kashin kaji, alhali abin da Apple ya rubuta da hannunsa ma ya isa hujja.

Masu binciken Fair Labor Association sun shiga masana'antu uku, Longhua da Guanlan da Chengdu, suka ji ra'ayin ma'aikata fiye da 35,000, suka fitar da rahoto a ƙarshen Maris. Sun samu ana wuce awa 60 a lokacin da aiki ya yi yawa, wasu na yin fiye da mako ba hutun yini ɗaya. Kashi 43 cikin ɗari sun ce sun taɓa yin haɗari ko sun ga an yi. Kashi 64 sun ce albashin ba ya biya musu buƙatun yau da kullum. Foxconn ya yi alkawarin sauko da aiki zuwa iyakar dokar Sin, wato awa 40 a mako da ƙarin da bai wuce awa 36 a wata ba, kimanin awa 49 a mako ke nan, kafin 1 ga Yulin 2013.

Wani adadi a rahoton ya fi sauran ba ni abin tunani. Da aka tambayi ma'aikata kan tsawon lokacin aiki, kusan kashi 34 cikin ɗari cewa suka yi suna son a ƙara musu, waɗanda suka ce ya yi yawa ba su kai kashi 18 ba. Masu kare kamfanin sun yi ta ɗaga wannan suna cewa, ga shi nan, su da kansu ke so. Ni ban karanta shi haka ba. Wanda albashin tushensa bai isa ba, in ka rage masa awa ka rage masa abin sawa a baki. Ba son wahala ya sa shi neman ƙari ba. Rage awa ba tare da ɗaga albashi ba gyaran gangar auzinawa ne, ɗaga albashi kuma yana buƙatar wani ya biya. A watan Mayun 2012 Gou ya ce Apple zai ɗauki wani kaso na kuɗin gyaran. Nawa ne, ba a bayyana ba.

Da wa'adin ya cika, rahoton ƙungiyar na ƙarshe a Disamban 2013 ya ce an aiwatar da mafi yawan gyare-gyaren, an kuma kusa tsayawa a awa 60, amma ba a kai ga iyakar doka ba.

Abin da littafin ciniki ya ce

Ga shi a taƙaice. A shekarar kuɗi ta 2010, shekarar raga, cinikin Apple dala biliyan 65.2 ne, riba biliyan 14. A 2011, shekarar fashewar Chengdu, ciniki biliyan 108.2, riba biliyan 25.9. A 2012, shekarar da sunan kamfanin ya fi shan suka, ciniki biliyan 156.5, riba biliyan 41.7. A watan Agustan wannan shekara darajarsa a kasuwa ta haura dala biliyan 620. Riba ta ninka kusan sau uku a daidai shekarun da ake cewa masu saye za su hukunta shi.

Ba su hukunta shi ba. Mutum 250,000 sun sa hannu a takarda, mutum miliyan 37 sun sa hannu a aljihu cikin wata uku, kuma ba mamaki wasu na cikin rukunin biyu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai son ya ƙaurace wa Apple ina zai koma? A lokacin, Foxconn ɗin nan shi ke haɗa wa Dell da HP da Sony da Nokia da Nintendo kaya, a harabobi iri ɗaya, da sharuɗɗa iri ɗaya ko waɗanda ba su kai ba. Apple ya sha sukar ne don shi ya fi kowa suna da riba, kuma shi ke tallata kansa a matsayin na daban. Sannan wanda ya riga ya zuba hotunansa da waƙoƙinsa da manhajojinsa a cikin iPhone, fita tana da tsada. Ga kuma nisa: ciwon na Shenzhen, shagon na Landan.

Saboda haka duk wanda ya ɗauko wannan lamari don ya nuna sakaci da haƙƙin ma'aikata yana rage ciniki, bai samu hujja ba. Haka wanda ya ce gyare-gyaren 2012 ne suka haɓaka cinikin da ya biyo baya, shi ma bai samu ba. Waya mai babban gilashi da buɗewar kasuwar Sin sun fi kusa da zama dalili. In akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu, daga riba take tasowa ta gangaro: kamfanin da ke da tarin kuɗi shi ke iya ɗaukar ɗaruruwan masu bincike, shi ke iya cewa ɗan kwangila gyara ko in tafi, a kuma saurare shi. Wannan yana da muhimmanci wajen karanta nazarce-nazarcen da ke cewa kamfanoni masu kyakkyawan suna sun fi riba. Sau da yawa gaskiya ne suna tafiya tare, amma ganin biyu a hanya ɗaya bai nuna wanda ya ja wani ba.

To me ya sa Apple ya motsa, tunda ciniki bai girgiza ba? Ina ganin tsoron abin da bai faru ba tukuna ne. Farashin iPhone ya dogara ga yarda cewa kayan na musamman ne, kuma mai shi na kirki ne. Wannan yarda ba ta rushewa a wata uku, amma tana iya zaizayewa, kamar yadda ya faru da kamfanin takalma na Nike a shekarun 1990 kan halin ma'aikatan da ke yi masa kaya. Akwai 'yan majalisa da ka iya yin doka, akwai manyan masu zuba jari, akwai injiniyoyin da kamfanin ke son ɗauka waɗanda suna da zaɓi. In aka gwada kuɗin bincike da horo da ribar biliyan 41, kuɗin inshora ne mai araha. Ba na kuma cire yiwuwar cewa Cook da gaske yake. A taron masu hannun jari na Fabrairun 2014, da wani wakilin ƙungiyar masu ra'ayin riƙau ya nemi ya yi alkawarin ba zai kashe kuɗi kan muhalli ba sai in akwai riba, Cook ya fusata, ya ce in riba kaɗai mutum ke so a duba, to ya sayar da hannun jarinsa ya fita. Magana ce mai kyau. Sai dai faɗarta ta fi sauƙi ga shugaban da ribarsa ta riga ta rufe bakin kowa a zauren.

Inda aka gyara da inda ake tufka ana warwarewa

Ba adalci ba ne a ce komai ado ne. Tun 2008 Apple ke tilasta wa 'yan kwangila mayar wa ma'aikata baƙi kuɗin da dillalai suka karɓa kafin su sama musu aiki, bashin da ke ɗaure mutum kamar bawa. A 2015 ya haramta karɓar kuɗin gaba ɗaya, kuma abin da aka mayar ya haura dala miliyan 30. Rahotonsa na 2013 ya bayyana sunan wani kamfani a lardin Guangdong da aka samu yara 74 'yan ƙasa da shekara 16 suna aiki, aka yanke hulɗa da shi. Ta fuskar muhalli, cibiyar ɗan fafutukar kare muhalli Ma Jun da ke Beijing, wadda a 2011 ta sa Apple a ƙarshen jerin kamfanonin fasaha 29 wajen bayyana gaskiya, ita ce a 2014 ta sa shi a kan gaba.

A lura da abin da ya haɗa waɗannan nasarori: babu wadda ta taɓa ranar fitowar sabuwar waya. Ana iya tace ruwan masana'anta, a kori dillali, a duba katin shaidar shekaru, ba tare da an jinkirta kaya ko yini ɗaya ba. Tsawon lokacin aiki kuwa daga ofishin saye yake fitowa. Kamfanin da ke fitar da sabuwar waya duk watan Satumba, yana son miliyoyi a shaguna cikin makonni kaɗan, yana iya sauya zane a ƙurarren lokaci, kuma yana neman ragin farashi duk shekara, shi ne kuma ke aiko da wani ma'aikacinsa da takardar da ta ce kada a wuce awa 60. Ɗan kwangila ya san wanne daga cikin baƙin biyu ke riƙe da kuɗi. New York Times ta ruwaito daga wani tsohon jami'in Apple cewa a 2007, da aka sauya fuskar iPhone ta farko zuwa gilashi ana dab da fitarwa, an tashi ma'aikata 8,000 daga barci da tsakar dare, aka ba kowa biskit da shayi, suka hau aikin awa 12. Foxconn ya musanta labarin. Abin lura shi ne jami'in ba ƙorafi yake yi ba, yabo yake yi. Wannan saurin shi ne hajar da ake saya.

Shi ya sa matsalar ba ta mutu ba, kama kawai take sauyawa. Da albashi ya tashi a Shenzhen, Foxconn ya matsa cikin ƙasa, zuwa Chengdu da Zhengzhou, inda mafi ƙarancin albashi bai kai na bakin teku ba, gwamnatocin larduna kuma ke taya shi neman ma'aikata. Da aka matsa kan awa, sai aka koma cike giɓin lokacin sauri da ɗaliban makarantun koyon sana'a da ma'aikatan wucin gadi. A 2017 Apple ya amsa cewa ɗalibai sun yi aikin ƙarin lokaci ba bisa ƙa'ida ba a Zhengzhou wajen haɗa iPhone X. A 2019 shi da Foxconn suka amsa cewa ma'aikatan wucin gadi sun wuce kashi 10 cikin ɗari da dokar Sin ta yarda. A Nuwamban 2020 aka dakatar da bai wa Pegatron sabuwar kwangila saboda batun ɗalibai. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba: a Disamban 2020 ma'aikatan Wistron, wani ɗan kwangilar Apple, a Narasapura, kusa da Bangalore a Indiya, suka farfasa masana'anta kan albashin da ba a biya su daidai ba, shekara guda bayan haka kuma ɗaruruwan mata ma'aikatan Foxconn a Sriperumbudur suka kwanta ciwo saboda gurɓataccen abinci a gidajen kwana, aka rufe masana'antar na makonni.

Ranar da layi ya tsaya

Sau ɗaya halin ma'aikata ya fito ƙarara a littafin cinikin Apple, kuma ba ta hannun masu saye ya zo ba. A Oktoban 2022 cutar korona ta ɓulla a masana'antar Zhengzhou, mai ma'aikata kimanin 200,000, inda ake haɗa mafi yawan iPhone masu tsada. Aka kulle harabar, ba shiga ba fita, aiki kuma na ci gaba. Ma'aikata suka riƙa haure shinge suna tafiya ƙauyukansu a ƙafa da jakunkuna a hannu. Aka ɗauko sababbi da alkawarin garaɓasa mai tsoka, su kuma da suka ga sharuɗɗan biyan sun sauya, a ƙarshen Nuwamba suka yi arangama da jami'an tsaro. Foxconn ya nemi afuwa, ya ce kuskuren na'ura ne, ya yi tayin yuwan 10,000 ga duk mai son tafiya. Da yawa suka karɓa suka tafi.

Tun 6 ga Nuwamba Apple ya fito ya gargaɗi masu saye cewa iPhone 14 Pro za ta yi ƙaranci. Wannan a lokacin cinikin ƙarshen shekara ne, lokacin da kamfanin ya fi samun kuɗi. Da aka fitar da lissafi a Fabrairun 2023, cinikin wata ukun ya sauka da kashi 5 cikin ɗari zuwa dala biliyan 117.2, karo na farko tun 2019 da aka samu raguwa in an gwada da shekarar baya. Cook ya lissafa dalilai uku: ƙarfin dala, yanayin tattalin arzikin duniya, da matsalar haɗa kaya a Sin. Gaskiya ne dokar kullen ta gwamnati ce, ba ta kamfani ba. Amma tsarin tara mutum 200,000 a harabar da suke kwana suke aiki, da dogaro ga ma'aikatan wucin gadi da garaɓasa kaɗai ke riƙe da su, wannan na kamfani ne. Mutuwar mutum 14 ba ta hana waya ɗaya fita ba a 2010. Tafiyar dubbai a ƙafa ta hana miliyoyi.

Martanin Apple shi ne gaggauta raba ƙafa, a rage dogaro ga wuri ɗaya, a ƙara yawan abin da ake haɗawa a Indiya, kuma babban ɗan kwangilar can shi ne dai Foxconn. A watan Fabrairun 2023, watan da aka fitar da wancan lissafi, majalisar jihar Karnataka ta gyara dokar masana'antu: ta halatta aikin awa 12 a yini, ta ba mata damar aikin dare, ta ɗaga iyakar ƙarin lokaci daga awa 75 zuwa 145 a wata uku, ta bar iyakar mako a awa 48. Jaridar Financial Times ta ruwaito cewa Apple da Foxconn suna cikin waɗanda suka nemi a yi gyaran.